Daga Kaskon Tuya Zuwa Tankin Bas: Yadda Tsohon Mai Ya Samu Aiki a Birnin Graz

A shekarar 1994 kamfanin sufuri na Graz, birni na biyu a girma a ƙasar Ostiriya, ya ware motocin bas guda 2 ya daina ɗura musu man dizal na gidan mai. Abin da aka koma zuba musu mai ne da ya riga ya gama aikinsa a ɗakin girki. An soya dankali da nama da shi a gidajen abinci har ya yi duhu ya fara ƙauri, masu dafuwa suka juye shi gefe, aka kwashe aka kai wata masana'antar manoma a ƙaramin garin Mureck da ke bakin iyakar Sloveniya. Can aka sarrafa shi, ya dawo birni a cikin tanka. Motocin suka ci gaba da jigilar 'yan makaranta da ma'aikata kamar yadda suka saba. Mai tafiya a gefen titi abu biyu kawai zai lura da su: baƙin hayaƙi ya ragu, kuma salansa tana fitar da ɗan ƙamshin tuya. Zuwa 2005 duk motocin bas na birnin, su fiye da 100, sun koma shan wannan mai da ake kira bayodizal, kuma kaso mai yawa daga cikinsa daga kaskon tuya ya fito.

Akan ɗauki wannan labari a matsayin nasarar masana kimiyya, kuma lallai masanan sun taka rawar gani. Sai dai dabarar haɗin kanta ta girmi motocin Graz da shekara 57. Abin da ya ci lokaci shi ne samun wanda zai bi otal-otal da gida-gida yana tara man, da wanda zai yarda ya zuba shi a injin da ya saya da tsada, da kuma dalili mai ƙarfi da zai hana man komawa inda ya saba zuwa: cikin abincin dabbobi, ko kwata, ko kaskon wani talaka.

Dangantakar injin dizal da man girki ta faro tun injin yana jariri. Rudolf Diesel ya kammala injinsa na farko mai aiki sosai a Augsburg ta Jamus a 1897. Shekara 3 bayan haka, a babban baje kolin duniya na birnin Paris a 1900, wani kamfanin Faransa mai ƙera irin injin ya tayar da ƙarami guda da man gyaɗa zalla, kuma ya yi aiki lafiya lau har yawancin masu kallo ba su san an canza masa mai ba. Diesel da kansa ya ba da labarin a 1912, ya kuma faɗi wanda ya nemi a yi gwajin: gwamnatin Faransa. Tunaninta shi ne ƙasashen Afirka da ta mallaka suna noma gyaɗa da yawa, to me zai sa a riƙa yi musu dakon kwal da mai daga Turai alhali abin da zai juya inji yana fitowa a gonakinsu? A daidai wannan shekara ta 1912 ne cinikin gyaɗa ya ɓarke a Kano, bayan layin dogo ya iso birnin a 1911. Amma gyaɗar Kano, da ta Damagaram da ta Senegal, ba tankin inji ta nufa ba. Masana'antun sabulu da na man shafa burodi a Turai ne suka shanye ta, domin man da ake haƙowa daga ƙasa ya yi arhar da babu man tsiron da zai iya ja da shi. Diesel ya rasu a 1913, masu ƙera injuna kuma suka ci gaba da gyara su daidai da halin man ƙasa.

Wannan gyara shi ya haifar da matsalar da aka yi ta fama da ita daga baya. Injin dizal ba shi da filogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya feso mai a kanta ya kama da wuta da kansa. Kafin ya ƙone tas, dole feshin ya zama ƙanana-ƙananan ɗigo. Man girki kuwa ya fi dizal kauri wajen sau 10, saboda haka ba ya fesuwa da kyau. Inji zai tashi, zai ma ja kaya, amma a hankali gawayi yana taruwa a bakin nozul, zoben fistin yana maƙalewa, man da bai ƙone ba yana zirarewa cikin man juye yana mai da shi danƙo.

Wanda ya fara samo maganin wannan kauri a rubuce shi ne wani malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Brussels mai suna Chavanne. A ranar 31 ga Agusta 1937 gwamnatin Beljiyam ta ba shi takardar mallakar fasaha kan hanyar haɗa manja da sinadarin etanol a fitar da mai mara kauri. Manjan daga Kwango aka kawo shi, wadda Beljiyam ke mulka a lokacin. A 1938 wata bas ta yi jigilar fasinja tsakanin Brussels da Leuven da wannan mai, kuma rahoton gwajin ya yaba da aikinta. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya shigo. A lokacin yaƙin ƙasashe da dama sun koma wa man tsirrai don dole, irin su Sin da Birazil da Indiya, amma da aka yi sulhu man Gabas ta Tsakiya ya malalo kasuwa, aikin Chavanne ya kwanta a cikin kundi kusan shekara 40.

Tsadar mai ta 1973 da ta 1979 ce ta tashe shi. Ostiriya ba ta da teku, ɗan man da take haƙowa bai kai ya ishe ta ba, kuma hukumominta sun tsorata da ranar da tarakta za ta tsaya a gona don rashin dizal. Cibiyar binciken injunan noma da ke Wieselburg ta fara gwada sirka ɗanyen man tsirrai da dizal a tarakta, ta ci karo da matsalar gawayi da danƙo. Daga nan aka nemi taimakon masana sinadarai na Jami'ar Graz, inda wani matashin malami, Martin Mittelbach, ya rungumi aikin. A 1983 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin man kanola da aka sarrafa da metanol. Kanola tsiro ne dangin kabeji mai fure ruwan ɗorawa, wanda ake tatsar mai daga 'ya'yansa, kuma yana yi sosai a ƙasar sanyi. A tsakiyar shekarun 1980 aka kafa ƙaramar masana'antar gwaji a makarantar aikin gona ta Silberberg da ke jihar Steiermark, a 1991 kuma Ostiriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fitar da ma'aunin ingancin bayodizal a hukumance.

Haɗin ba shi da wuyar fahimta. Kowane ƙwayar man girki reshe uku ne na kitse da ke rataye a jikin gilisirin, kuma wannan curin shi ke kawo kauri. Idan aka dama mai da metanol, aka sa soda irin ta masu yin sabulu ko 'yar'uwarta ta fotash, aka ɗumama shi zuwa zafin da bai kai na tafasar ruwa ba, sai rassan su saki gilisirin kowanne ya kama metanol. In an bar shi ya kwanta, gilisirin mai nauyi ya sauka ƙasa, bayodizal ya taso sama. Lissafin a dunƙule: kilo 100 na mai da kilo 10 na metanol suna ba da kusan kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisirin. Sai a wanke shi, a busar, a gwada.

Manoman Mureck ne suka fitar da wannan ilimi daga jami'a suka kai shi ƙauye. A ƙarshen 1985 wani manomi, Karl Totter, da abokansa biyu suka fara shawarar yadda za su riƙa noma man da taraktocinsu za su sha. A 1989 suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna SEEG, masana'antarta ta fara aiki a 1991. Tsarin ya dace da tunanin manomi: ka kawo kanolarka, ka koma da bayodizal na tarakta da kuma tunkuzar da ta rage bayan tatsa, abincin dabbobinka. Amma gonar kanola tana da iyaka, kuma sabon mai yana da tsada domin mai girki ma yana nemansa. Tun 1988 Mittelbach da wani injiniya mai suna Tritthart sun riga sun wallafa gwajin hayaƙin injin da aka tayar da bayodizal na tsohon man tuya, sun nuna cewa yana aiki. A 1994 masana'antar Mureck ta fara karɓar tsohon mai, kuma daga nan man motocin Graz biyu na farko ya fito.

Tsohon mai ya fi sabo gardama, kuma a nan ƙwarewar mutanen Graz da Mureck ta fito fili. Duk lokacin da aka ɗora mai a wuta, aka jefa masa danshin dankali ko na kifi, wasu daga cikin rassan kitsen nan suna tsinkewa su koma tsami. Idan wannan tsami ya haɗu da soda, sabulu yake bayarwa, sai haɗin ya kumbura ya ƙi rabuwa. Ga ruwa, ga gishiri, ga ɓurɓushin abinci, ga kitsen dabba da ya narke a ciki. Kuma babu ganga biyu masu hali ɗaya: man gidan da ke canza mai kullum daban, na wanda ke barinsa mako guda daban. Dole a tace, a ƙafar da ruwan, a auna tsamin kowace ganga, wanda ya yi yawa a fara lallashinsa da asid kafin ya ga soda. Kamfanin BDI da aka kafa kusa da Graz a 1996 da wannan sana'a ya yi suna, yana gina wa ƙasashe masana'antun da ke iya cin kowane irin mai da kitse.

Duk da haka, masana'anta ba ta da amfani in ganguna ba sa zuwa. A 1999 hukumar kula da muhalli ta birnin Graz ta ƙaddamar da shirin kwasar tsohon mai kyauta daga gidajen abinci, ta damƙa aikin ga wani kamfani mara neman riba, Ökoservice, wanda ke ɗaukar mutanen da suka daɗe ba su da aikin yi. Gidajen jama'a kuma aka raba musu ƙananan bokitai masu murfi. A jihar Tirol, a wannan shekarar, aka fito da wani bokiti ruwan ɗorawa mai cin lita 3 da ake kira Öli: uwargida ta cika shi ta kai wurin tara shara, a miƙo mata wankakke. Wasu jihohin ƙasar suka kwaikwaya. Ƙananan hukumomi sun shiga da zuciya ɗaya saboda wani dalili na aljihu. Man da aka tuttula a wurin wanke-wanke yana daskarewa a cikin bututun ƙarƙashin ƙasa, ya toshe shi, kuma su ke biyan kuɗin yashewa. Birnin Landan ya ga ƙarshen wannan a 2017, lokacin da aka tarar da curin kitse da tsumma mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250 a magudanar unguwar Whitechapel. Wani ɓangare na kitsen da aka farfasa aka fitar, bayodizal aka yi da shi.

Shekarar 1999 ta zo da wani abu da ya fi bokiti tasiri. Kafin lokacin, babban mai sayen tsohon man tuya a Turai shi ne mai haɗa abincin kaji da aladu. A farkon shekarar, a Beljiyam, man taransifoma mai ɗauke da guba ya gauraya da kitsen da ake tarawa don wannan abinci. Kaji suka fara mutuwa, ƙwai ya daina ƙyanƙyashewa, amma jama'a ba su ji labari ba sai ƙarshen watan Mayu. Aka kwashe kaji da ƙwai daga kantuna, aka rufe gonaki sama da 2,000, aka hallaka miliyoyin kaji. Ministan lafiya da na gona suka yi murabus, kuma a zaɓen watan Yuni gwamnatin Jean-Luc Dehaene ta faɗi. A 2002 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta hana ciyar da dabbobin gona da ragowar gidajen abinci, har da man tuyarsu. Birtaniya ta fara aiki da haramcin man a ƙarshen Oktoban 2004. Dubban tan na mai suka rasa babban mai sayensu dare ɗaya, kuma a 2005 kamfanin Argent Energy ya buɗe babbar masana'antar bayodizal a Motherwell ta Sikotilan, mai cin tsohon mai da kitsen mahauta. Abin da Graz ta fara don raɗin kanta ya zama hanyar da doka ta bar wa kowa.

Wannan shi ne ɓangaren tarihin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Tsohon mai bai taɓa zama abin da ba a so ba. Kullum akwai mai hannu a miƙe, kuma mafi yawan hannayen suna mai da shi cikin cikin ɗan Adam ne, kai tsaye ko ta naman kaza. Man da aka yi ta maimaita tuya da shi yana tara sinadarai masu cutar da jiki, shi ya sa ƙasashe da yawa suka sa iyakar lalacewar da in mai ya kai dole a sauke shi. Injin dizal shi ne mai sayen da zai shanye shi ba tare da ya kwantar da kowa a asibiti ba.

Ƙasar Sin ta koyi haka da wahala. Shekaru da dama wasu miyagu suna kwasar mai daga kwatocin gidajen abinci, su tace, su kashe warinsa, su sayar a matsayin man girki. A Satumban 2011 'yan sandan ƙasar suka sanar da kama mutum 32 da kimanin tan 100 na irin wannan mai, a wata harƙalla da ta ratsa larduna 14. Kame kaɗai bai isa ba muddin man bai da wata kasuwa ta halal. Birnin Shanghai ya ɗaure tara man a hannun kamfanoni masu lasisi, ya fara gwada shi a motocin bas, a 2017 kuma gidajen man Sinopec na birnin suka fara sayar da dizal mai sirkin kashi 5 cikin 100 na bayodizal ɗin tsohon mai. Indiya ta bi sahu a 2018, kuma abin lura shi ne hukumar kula da ingancin abinci ce ta jagoranci shirin, ba ma'aikatar man fetur ba.

Kyoto ta Japan ta shigo ta wata ƙofar. A 1997, shekarar da ta karɓi baƙuncin taron sauyin yanayi da ya haifar da yarjejeniyar da ke ɗauke da sunanta, birnin ya fara tara man da aka soya tempura da shi, wato kifi da kayan lambu da ake tsomawa a ƙullu a soya. Mutanen unguwa ne ke tsare wuraren tarawa don sa kai. Motocin kwasar shara kimanin 220 suka koma tsantsar bayodizal, a 2000 wasu motocin bas suka fara shan sirkin kashi 20, a 2004 kuma birnin ya gina masana'antarsa mai fitar da lita 5,000 a rana.

Maganar sirki ita ce ta fi damun direba da bakanike. A wannan sana'a harafin B da lamba ke nuna yawan bayodizal a cikin tanki: B5 kashi 5 cikin 100, B20 kashi 20, B100 tsantsa. Graz ta yi ƙarfin halin zuwa B100 domin motocin nata ne, garejin nata ne, kuma ta san daga inda kowace lita ta fito. Ta kuma ga abubuwan da duk mai bin wannan hanya ke gani. Bayodizal yana wanke dattin da dizal ya shekara yana tarawa a tanki, saboda haka a makonnin farko filta tana toshewa, sai an yi ta canzawa. Yana cin tiyo da robobin tsofaffin injuna har su fara yoyo. Ƙarfinsa a kowace lita bai kai na dizal ba da kusan kashi 8 zuwa 10 cikin 100, don haka mota tana ɗan ƙara sha. Yana jawo danshi, kuma in ya daɗe a ajiye fiye da 'yan watanni yana lalacewa. Yana kuma tsinka man juye, dole a rage tazarar sabis. Sannan ga sanyi. Duk wanda ya ga yadda manja ke sanƙarewa a kwalba da sanyin hunturu ya fahimci abin da ke faruwa a tankin bas a Ostiriya a watan Janairu, kuma bayodizal na tsohon mai, da yake akwai kitsen dabba a cikinsa, ya fi na kanola saurin kamawa. Maganin da aka saba shi ne a sirka shi da dizal a tsakiyar sanyi.

A ɗaya gefen, yana da santsin da ke kare famfon mai da nozul, abin da dizal na zamani ya rasa bayan an cire masa farar wuta. Kusan babu farar wuta a cikinsa, toka da baƙin hayaƙinsa kaɗan ne, ko da yake wani nau'in iskar da ke fita daga salansa, mai haɗin naitirojin, kan ɗan ƙaru. Ga Graz, wadda ke zaune a kwari tsakanin tuddai inda hayaƙi ke kwanciya a kan gari lokacin sanyi, raguwar toka ba ƙaramin abu ba ne.

Da injuna suka ƙara laushi, masu feshi da matsi mai tsanani da matatar toka a salansa, sai masu ƙera motoci suka ja baya daga B100. Yawancin ƙasashe suka daidaita a kan ƙaramin sirki. Amurka ta fitar da ma'auninta na bayodizal a 2002, Turai a 2003. A yau dizal ɗin da aka fi sayarwa a gidajen mai na Turai yana iya ɗaukar har kashi 7 cikin 100, kuma direban da ya sha mai a Faransa ko Jamus ko Birtaniya yana ƙona ɗan tsohon man tuya ko bai sani ba. B20 ya zama na masu tarin motoci da ke kula da tankinsu, kamar wasu kamfanonin bas na Landan da suka koma masa a wajajen 2016. Ma'aunin nan shi ne ya raba sana'a da kasada. A 2002 'yan sanda a garin Llanelli na Wales sun yi ta tare direbobin da ke zuba man girki na kanti a tanki don guje wa harajin dizal. Irin wannan ɗanyen haɗi, da bayodizal na bayan gida da ba a wanke sodarsa da metanol ɗinsa ba, su ne suka kashe injuna da yawa suka ɓata wa mai kyau suna. Metanol kansa guba ne mai makantarwa, yana kuma kama wuta da sauri, ba abin wasa da shi a tsakar gida ba ne.

A Najeriya manufar gwamnati ta 2007 kan man tsirrai ta ambaci sirkin kashi 20 a dizal, amma maganar ba ta isa gidan mai ba. Buƙata kam akwai ta: tireloli da wasu janaretoci da injinan niƙa da na ban ruwa dizal suke sha, kuma farashinsa ya ninka fiye da sau biyu a cikin 2022 kaɗai. Sai dai bokitin Tirol ba zai cika a Kano ko Maraɗi ba. Mai ƙosai da mai awara ba sa zubar da mai. Sabo ake ƙarawa a kan tsoho har tuya ta shanye shi, domin kowane ludayi kuɗi ne. Inda ake samun rara shi ne manyan otal-otal, da gidajen soyayyar kaza, da masana'antun taliya da cincin. Wannan rarar ce ya kamata a san inda take kwana, domin in babu mai saye da zai kai ta inji, mai sayen da zai mai da ita kasko yana nan kusa, kuma 'ya'yan talakawa ne za su ci.

A Turai kuwa al'amarin ya juye gaba ɗaya. Dokar makamashi ta Tarayyar Turai ta 2009 ta ce duk litar man da aka yi daga shara za a lissafa ta sau biyu wajen cika ƙa'idar da aka ɗora wa kamfanonin mai. Niyyar mai kyau ce, a rage cin gonakin abinci da dazuzzuka. Amma nan take tsohon mai ya yi daraja, har wani lokaci farashinsa ya haura na sabon manja. Abin da mai otal ke biya a kwashe masa, yanzu shi ake biya. A Amurka da Birtaniya ɓarayi suka fara zuƙe gangunan bayan gidajen abinci da dare. Kaskon Turai ya kasa ciyar da masana'antunta, sai jiragen ruwa suka fara kawo tsohon mai daga Sin da Malesiya da Indunusiya, tare da zargin da ya ƙi mutuwa cewa wasu na sauya wa sabon manja takarda su kira shi tsoho. In haka ta faru, dajin da aka ce za a kare shi ake sarewa. Bayan an sarrafa mai, gano asalinsa a ɗakin gwaji yana da wuya ƙwarai, saboda haka amanar ta koma kan takardu da masu duba su, abin da Mureck ba ta taɓa buƙata ba domin direban da ya kwaso gangar ya san mai otal ɗin.

Sannan wani babban mai saye ya shigo layi. A watan Yunin 2011 jirgin saman kamfanin KLM ya ɗauki fasinja daga Amsterdam zuwa Paris da man da rabinsa daga tsohon man girki aka yi shi, ta wata hanyar sarrafawa daban da ke amfani da iskar haidirojin. A Nuwamban 2023 jirgin Virgin Atlantic ya tsallaka daga Landan zuwa New York ba tare da ɗigon kananzir na ƙasa ba, kuma mafi yawan man nasa daga tsohon mai da kitse ne. Kamfanonin jiragen sama suna iya biyan abin da kamfanin bas na birni ba zai iya ba. Daga 1 ga Disamba 2024 gwamnatin Sin ta soke rangwamen harajin kashi 13 cikin 100 da take ba masu fitar da tsohon mai waje, matakin da ya sa ya fi sauƙi man ya tsaya a gida ya shiga masana'antun ƙasar. A Fabrairun 2025 kuma Tarayyar Turai ta ɗora wa bayodizal ɗin Sin harajin shigowa da ya kama daga kashi 10 zuwa sama da kashi 35 cikin 100, bayan masana'antun Turai sun kai ƙarar cewa ana karya musu kasuwa.